Sharhin Wasanni: Yadda Leverkusen ta Xabi Alonso take gina hari, da ranar da Lookman ya wargaza ginin

Jama'a masu sauraro assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin sharhin wasanni. Yau Jamus za mu nufa, mu koma kakar 2023/2024, mu zauna mu kalli yadda Bayer Leverkusen take ɗauko ƙwallo tun daga hannun gola har ta kai ta ragar abokan hamayya, domin har gobe in aka zauna a gidan kallo ana musun wace ƙungiya ce ta iya ba-ni-in-ba-ka, sai ka ji an tsaya kan Barcelona ta Guardiola da Man City kawai, alhali ga wata ƙungiya da ta buga wasa 34 a Bundesliga ta ci 28 ta yi kunnen doki 6, ba wanda ya doke ta ko sau ɗaya, ta zura ƙwallo 89 aka zura mata 24 kacal, ta gama da maki 90. Kuma fa Bayern Munich da ta ɗauki kofin sau 11 a jere tana cikin gasar, ba wai ta tafi hutu ba ne.

Lokacin da aka ba Alonso aikin a watan Oktoban 2022 ƙungiyar tana ta biyu daga ƙasan teburi, mutumin da a lokacin yaran Real Madrid da ƙaramar ƙungiyar Real Sociedad kawai ya horar, sai dai shi ɗan tsakiya ne da ya buga a ƙarƙashin Benitez a Liverpool, Mourinho da Ancelotti a Madrid, Guardiola a Bayern, to ka san kan nan ba fanko ba ne. Ya tsamo su suka gama a na shida. Da bazarar 2023 ta zo sai aka kawo masa mutum huɗu da suka canza komai, Granit Xhaka daga Arsenal, Alex Grimaldo daga Benfica kyauta ko sisi ba a biya ba, Jonas Hofmann daga Gladbach, sai ɗanmu Victor Boniface ɗan Akure daga Union Saint-Gilloise ta Beljiyam, wanda watanni kaɗan kafin nan shi ne ya zura wa Leverkusen ɗin ƙwallo a gasar Europa, suka gan shi da idonsu suka ce wannan namu ne.

To yanzu mu shiga cikin fili. A takarda tsarin 3-4-2-1 ne, 'yan baya uku, Jonathan Tah a tsakiya, Tapsoba ɗan Burkina Faso da Kossounou ɗan Kwaddibuwa ko Hincapié a gefensa, 'yan tsakiya biyu wato Xhaka da Palacios ko Andrich, sai Grimaldo a hagu Frimpong a dama, Wirtz da Hofmann a bayan lamba tara, Boniface a gaba. Amma da zarar ƙwallo ta zo ƙafarsu wannan takardar ka yaga ta kawai. Frimpong sunan ɗan baya ne kawai yake ɗauke da shi, gaskiyar magana winga ne, yana can sama manne da layi yana jiran a ba shi fili ya zuba gudu. Shi kuwa Grimaldo ba ya tsayawa a layi, sai ka gan shi ya shigo ciki kusa da Xhaka kamar lamba takwas, wani lokacin ma har bakin da'irar 18 yake zuwa ya tsaya kamar lamba goma. Gefe ɗaya gudu, ɗaya gefen ƙwaƙwalwa, ga shi ba su yi kama da juna ba balle koci ya ce zai yi musu magani iri ɗaya.

Abin da ya fi burge ni a wannan ƙungiya shi ne rashin gaggawarsu a baya. Tah zai taka ƙwallo ya tsaya cak, ya ba Xhaka, Xhaka ya mayar masa, ya ba Tapsoba, Tapsoba ya ba Palacios wanda ya juya wa raga baya, shi ma ya mayar da taɓawa ɗaya, fasin na taku biyar taku shida wanda in kana kallo a gidan kallo za ka ji wani ya ce kai malam ku tafi gaba mana wannan wane irin ɓata lokaci ne. Wallahi ba ɓata lokaci ba ne, tsaba ce ake watsa wa kaji, ana so ɗan gaban abokan hamayya ya ji haushi ya taso, in ya taso ɗan tsakiyarsu dole ya biyo shi don kar a bar shi shi kaɗai, in ɗan tsakiya ya baro wurinsa to bayansa ya buɗe, kuma a wannan wurin da ya buɗe ne Florian Wirtz yake laɓe. Fasin ɗaya daga Xhaka ya ratsa layi biyu, Wirtz ya karɓa yana fuskantar raga, shi kenan an gama da mutum biyar ko shida a cikin daƙiƙa uku, abin da ya fara kamar wasan masu jin barci ya koma kamar kanta, wato harin gaggawa.

Kuma ku lura da yadda suke matsowa kusa da juna. Guardiola yana so kowa ya tsaya a gurbinsa a buɗe fili faɗi-faɗi, shi Alonso bai damu ba in mutum biyar suka taru a gefen hagu cikin ɗan ƙaramin wuri, Grimaldo, Xhaka, Wirtz, Hincapié, har Boniface ya sauko ya shiga cikinsu, su yi ta ba-ni-in-ba-ka har 'yan bayan ɗaya ƙungiyar duk su karkato can. Amfanin wannan biyu ne, na farko in ƙwallo ta kuɓuce suna kusa, nan take mutum uku sun rufe wanda ya ƙwata sun karɓe abarsu, shi ya sa ba a cika kama su da kanta ba duk da yawan mutanen da suke turawa gaba. Na biyu kuma can dama an bar Frimpong shi da ɗan baya ɗaya ko ma shi kaɗai, sai a juya masa ƙwallo, yaron nan kuwa in ya samu fili to sai dai ka bi shi da addu'a. Sau nawa muka ga Grimaldo ya yi kuros daga hagu Frimpong ya ci daga dama, ɗan baya ya ba ɗan baya a cikin da'irar abokan hamayya? Grimaldo ya gama gasar da ƙwallo 10 ya taimaka aka ci 13, Frimpong ya ci 9, 'yan baya fa ake magana, akwai lamba tara da yawa a Turai da ba su kai haka ba a wannan kakar.

Yanzu bari mu zo kan Boniface, don ni a ganina shi ne mutumin da ba a ba shi haƙƙinsa ba in ana maganar wannan tsari. Ana kawo ƙwallo 14 da ya ci a Bundesliga, to madalla, amma aikinsa ya wuce nan. Duk ƙungiyar da take gina wasa daga baya da gajeren fasin tana buƙatar ƙofar gudu, wato ranar da aka matsa musu lamba aka toshe Xhaka aka toshe Palacios, gola ya rasa wanda zai ba, dole a samu mutum a gaba da za a cilla masa doguwa ya tare ta da ƙirji, ya sa wa difenda baya, ya riƙe har 'yan uwansa su iso. Boniface yana da jiki, yana da yanka, yana son ya fita gefen hagu ya ja ɗan baya ya bar wa Wirtz hanya ta tsakiya. To in ka taso musu gaba ɗaya za a tsallake ka a ba Boniface, in ka zauna a baya za su yi ta juya ka har ka gaji, ka ga kenan gaba kura baya sayaki. Rauni ya same shi a sansanin Super Eagles a watan Janairun 2024, ya rasa gasar kofin Afirka ta Kwaddibuwa, bai dawo ba sai Afrilu, kuma a wannan tsakanin ne Alonso ya fara gwada wasa ba tare da cikakken lamba tara ba.

Ranar 10 ga Fabrairu 2024 Bayern ta zo BayArena maki biyu ne tsakaninsu. Tuchel, kocin Bayern a lokacin, ya canza tsarinsa ya koma 'yan baya uku don ya yi daidai da Leverkusen, sai Alonso ya yi masa ba-zata, ya ajiye Frimpong a benci, ya ajiye lamba tara Schick, ya sa Adli da Nathan Tella, wani ɗan Najeriyar, su da Wirtz a gaba, masu gudu zalla, ya bar wa Bayern ƙwallo ta yi ta riƙewa. Stanisic wanda aro ne ma daga Bayern ɗin ya ci ta farko, Grimaldo ya yi ba-ni-in-ba-ka da Tella ya ci ta biyu bayan hutun rabin lokaci, Frimpong ya shigo ya ci ta uku a raga babu kowa bayan Neuer ya tafi bugun kwana. 3-0, Harry Kane kamar bai zo filin ba. Ranar dabarar ta ci, ba musu.

Masu cewa sa'a ce take bin su saboda ƙwallayen ƙarshen lokaci, ni ban yarda ba. Palacios a kan Augsburg, Hincapié a kan Leipzig, Schick ya ci biyu a ƙarin lokaci a kan Qarabag, Stanisic a Dortmund, Andrich a kan Stuttgart, Stanisic kuma a kan Roma, abu ya faru sau ɗaya sau biyu ka ce sa'a, amma in ka sa mutum ya yi minti 90 yana bin ƙwallo hagu da dama bai taɓa ta ba, a minti na 93 ƙafarsa ta mutu kansa ma ya daina lissafi, su kuma ba sa rikicewa su fara cilla ƙwallo sama haka kawai, yadda suka fara wasan haka suke gama shi. Ranar 14 ga Afrilu suka lallasa Werder Bremen 5-0, Boniface ya buɗe da fenareti, Xhaka ya ɗaɗa ta nesa, Wirtz ya shigo daga benci ya ci uku, kofin Bundesliga na farko a tarihin ƙungiyar, saura wasa biyar a gama gasa.

Sai Dublin, 22 ga Mayu, wasan ƙarshe na Europa da Atalanta, Leverkusen ta zo da wasa 51 ba a doke ta ba. Shi Gasperini kocin Atalanta a lokacin, tsohon nan ba ruwansa da tsaron gurbi, mutum-da-mutum yake yi a duk faɗin fili, kowa ya kama nasa ya bi shi ko ina ya je, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne, da wannan ya je Anfield a watan Afrilu ya ci Liverpool 3-0. To ka ga duk dabarar jawo mutum don bayansa ya buɗe ta mutu, domin wanda yake bayan nan ma akwai mai riƙe da shi. Xhaka bai samu ya ɗaga kai ba, Ederson da Koopmeiners sun hana tsakiya numfashi, Wirtz duk inda ya sauko akwai mutum a wuyansa. Maganin irin wannan matsin sananne ne, tunda kowa ya bi nasa to a can gaba lamba taranka shi da difenda ɗaya ne, ka cilla masa ya yi kokawa da shi. Wane ne a gaban? Adli, yaro mai gudu amma ba mai jikin tare ƙwallo ba. Boniface yana benci, Schick yana benci. Alonso ya ɗauko dabarar da ta ci Bayern ya kawo wa ƙungiyar da ba ta da niyyar riƙe ƙwallo balle ta bar masa fili a bayanta irin yadda Bayern ta bari.

Ku duba ƙwallo ta biyu ku ga abin da nake nufi. Ta farko dai Zappacosta ne ya yi kuros a ƙasa, Palacios ya yi barci Ademola Lookman, ɗan Najeriyar da yake Atalanta a lokacin, ya ɓullo ta bayansa a minti na 12. Amma ta biyu, gola Kovar ne ya rasa wanda zai ba ya buga doguwa, Adli ya sa kai ƙwallo ta dawo baya ta faɗa ƙafar Lookman, ya zura wa Xhaka ta tsakanin ƙafafu ya nannaɗa ta kusurwa, minti na 26. Da Boniface ne a ƙarƙashin wannan ƙwallon ina da yaƙinin ƙirji zai sa mata, ko ya ci fawul ko ya riƙe. An shigo da shi bayan hutu amma an riga an ci biyu, Atalanta ta ja baya kaɗan tana jira, a minti na 75 Scamacca ya ba Lookman ya yanke Tapsoba ya narka ta sama da ƙafar hagu. Uku rigis, ɗan Najeriya ɗaya ya ci duka, ɗayan ɗan Najeriyar da zai iya canza wasan ya kalli rabin farko daga benci, kuma a ƙarshen shekarar Lookman ɗin ne ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka.

Ba wai ina rage wa Alonso daraja ba ne, kwana uku bayan nan ya je Berlin ya ɗauki kofin DFB Pokal a hannun Kaiserslautern da ci 1-0, Xhaka ya ci, kuma da mutum goma suka buga duk rabi na biyu bayan an kori Kossounou. Amma masu horar da yaranmu da suke kallon bidiyon Leverkusen suna cewa dole gola ya ba ɗan baya a ƙasa ko ana ha-maza-ha-mata, ku kalli rabin farko na wasan Dublin ma, ku ƙirga sau nawa aka tilasta wa Kovar da Tah buga doguwa, sannan ku ƙirga sau nawa ƙwallon ta zauna a gaba. Layukanmu a buɗe suke bayan wannan ɗan tallan, ina so in ji ta bakin masu cewa ko da Boniface ya fara Atalanta ce za ta ci.