Kafin ki ɗauki akwati: gida, kuɗi da tallafi idan aure ya mutu a Ingila

Assalamu alaikum. Iyayena da 'yan uwana, na gode da kuka zo duk da sanyin nan.

Mun taso mun ga idan zama ya ƙi daɗi, mace kan tattara kayanta ta yi yaji, manya su shiga tsakani. A nan Ingila yawancinmu ba mu da gidan iyayen da za mu nufa, kuma fitar da aka yi cikin fushi tana iya jawo asarar matsuguni. Idan kika bar gidan da za ki iya ci gaba da zama a ciki, ƙaramar hukuma na iya cewa ke kika jefa kanki cikin rashin muhalli, sai taimakon da za ta ba ki ya ragu. Amma a saurara da kyau: wadda ake duka ko ake yi wa barazana, ba da ita nake ba. Ki fita da 'ya'yanki, doka ba ta ɗaukar wannan a matsayin ganganci.

Tambayar da nake fara yi wa kowa ita ce, an yi wa aurenku rajista? Nan ne hawaye suka fi zuba. A 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci kan wata mata da aka ɗaura wa aure a wani gidan abinci a Landan a 1998, har da 'ya'ya huɗu. Kotu ta ce a idon dokar ƙasa ba a yi aure ba, don haka ba ta da damar neman rabon dukiya irin na matar aure. Wallahi abin yana taɓa ni. Auren da aka ɗaura a wata ƙasa bisa dokar can, galibi ana karɓarsa. Wanda aka ɗaura a falo a nan ba tare da rajista ba, shi ne matsalar.

Idan akwai rajista, dokar iyali ta 1996 ta ba ki ikon zama a gidan aurenki ko da sunan maigida kaɗai ne a takarda. Ki cike fom ɗin HR1 ki aika ofishin rajistar filaye, kyauta ne, don kada a sayar da gidan a bayan idonki. Idan haya ce da sunanku biyu, mai gidan hayar na iya bin kowannenku kuɗin gaba ɗaya, haka ma bashin asusun banki na haɗin gwiwa.

Sai tallafi. Ma'aurata tare suke neman Universal Credit, wato tallafin kuɗi na gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, to da zarar an rabu sai a sanar, kowa ya koma neman nasa. Ko kuna ƙarƙashin rufi ɗaya, in dai tukunya da aljihu sun rabu da gaske, ana iya ɗaukarku a matsayin rababbu. Ajiyar da ta haura fam 16,000 tana hana samu. Idan kuma babban mutum ɗaya ne kaɗai a gida, ana rage masa kashi 25 cikin ɗari na harajin ƙaramar hukuma.

Maza, ku matso, wannan taku ce. Ciyar da yaro ba ya faɗuwa saboda an rabu da uwarsa, da rajista ko babu. A ma'aunin da aka fi amfani da shi, wanda yaran ba sa hannunsa yana biyan kashi 12 na abin da yake samu kafin haraji idan ɗa ɗaya ne, 16 idan biyu, 19 idan uku ko fiye, ana kuma ragewa gwargwadon kwanakin da suke kwana a wurinsa. Kuɗin nan ba ya rage wa uwa Universal Credit, saboda haka a daina cewa ai gwamnati na ba ta.

Wata baiwar Allah ta tambaye ni ɗazu game da mai bizar aure, wadda aka hana ta taɓa tallafin gwamnati. Idan cin zarafi ne ya raba auren, akwai sassauci na wata uku da ke buɗe mata tallafin kafin ta daidaita zamanta. Ta ga lauyan shige da fice tun kafin ta sa hannu a komai.

Tun 6 ga Afrilu 2022 ba a buƙatar ɗora wa kowa laifi kafin a raba aure, amma takardar saki ba ta raba dukiya. Sai alƙali ya sa hannu a yarjejeniyar kuɗi, har da fansho, wanda mata da yawa ke mantawa. Ƙungiyoyin agaji na Citizens Advice da Shelter suna ba da shawara kyauta. Ku je da takardar haya, bayanan banki da fasfo ɗin yara.