Gidan Wayar Tintajel: Gida Mai Shekara Fiye da 600

Ku dubi rufin gidan nan da kyau. Ya lotsa nan, ya taso can, kamar bayan tsohon raƙumi. Wannan gida yana ƙauyen Tintajel, a yankin Konwal, kudu maso yammacin Ingila, kuma kowa na kiransa Tsohon Gidan Waya.

Amma ba don wasiƙa aka gina shi ba. Wajen 1380 aka ɗora tubalinsa, gidan manomi ne na dutse, da jinkar ciyawa. Iyali suna kwana a gefe guda, dabbobi a ɗaya gefen, murhu kuwa a tsakar ɗaki, hayaƙi na fita ta cikin ciyawar. Daga baya aka cire ciyawa aka shimfiɗa falalen dutse. Nauyinsu ne ya danne itacen rufin sannu a hankali, har ya yi wannan lanƙwasa da kuke gani.

To ina wasiƙa ta shigo? A 1840 Ingila ta fito da kan sarki na farko a duniya, na kwabo ɗaya, ɗauke da kan Sarauniya Biktoriya. Aika wasiƙa ya yi arha, talaka ma ya fara rubuta wa ɗansa da ke nesa. A shekarun 1870 aka ware ɗaki ɗaya tak a gidan nan don karɓar wasiƙun yankin. Aikin bai daɗe ba, amma sunan ya zauna daram.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda gidan ya tsira. Ƙarshen ƙarni na 19 baƙi suka yi ta tururuwa zuwa Tintajel saboda labarin Sarki Arthur, wani sarkin almara da ake dangantawa da wurin, aka shiga rushe tsofaffin gidaje ana gina otal da kantuna. Wannan ma saura ƙiris. Sai wata mai zane 'yar yankin, Catherine Johns, ta saye shi a 1895. Masu zane suka sayar da ayyukansu aka tara kuɗin gyara, magini Detmar Blow ya gyara shi ba tare da ya miƙe rufin ba. Allah Ya sa bai miƙe shi ba!

A 1903 gidan ya koma hannun ƙungiyar National Trust, mai adana tsofaffin gine-gine da wuraren tarihi, kuma har yau ita ke kula da shi. Idan kun shiga, za ku tarar da ɗakin nan an shirya shi kamar yadda gidan waya yake a zamanin Biktoriya.