Babur ɗin ruwa: abin da ɗan Damagaram zai sani kafin ya hau

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka.

Wannan abin da kuke gani yana tsaga ruwa, shi ne babur ɗin ruwa. Na san wani zai ce, mu da muke bin ƴan garuwa da bido a Damagaram, me ya haɗa mu da shi? Tafiya ce ta haɗa mu. Samarinmu suna zuwa Kwatano da Lome sayen motoci, wasu Legas, wasu har Dubai, kuma a bakin tekun garuruwan nan akwai masu ba da hayarsa. Mai haya zai dube ka ya ce, "Ka iya moto? To ai shi ke nan, hau." Kai kuma da ka shekara kana kabu-kabu tsakanin Kasuwar Dole da Birni, sai ka ji babu abin da zai gagare ka. To ka saurara da kyau ɗan'uwa, domin gwanintar nan taka ta moto ita ce za ta fara cutar ka a kan ruwa.

Abin ba sabo ba ne. Wani Ba'amurke, Clayton Jacobson, shi ya ƙirƙiro shi. Kamfanin Bombardier na Kanada ya fitar da Sea-Doo a 1968, Kawasaki ya biyo da Jet Ski a 1973, daga baya Yamaha ya kawo WaveRunner. Manyan na yanzu suna da ƙarfin doki 300, suna wuce kilomita 100 a awa, nauyinsu kuma ya haura kilo 300.

Ku dubi ƙarƙashinsa. Babu taya, babu farfela a waje irin ta injin kwale-kwale. Ga wata kafa mai raga a cikinsa, ta nan yake zuƙo ruwa. A ciki akwai farfela da inji ke juyawa, ita ke tura ruwan ya fita da ƙarfi ta wannan bututun na baya, kamar yadda mai wankin mota ke matse bakin tiyo ruwa ya yi tsiri. Wannan feshin shi ke tura babur gaba. In ka karkata kan babur dama, bututun ne ke karkata, feshin ya ture gindin babur, hancinsa ya juya. Ke nan abin da ke tura shi, shi ne kuma ke juya shi. Ka saki wuta, feshi ya mutu, to ko ka murɗa kan har ƙarshe, babur zai ci gaba da zamewa inda hancinsa ya dosa.

Yanzu ka tuna abin da hannunka ya saba. Kana tafe a hanyar Mirriya, akuya ta faɗo titi. Kafin ma ka yi tunani ka saki wuta, ka damƙe birki, ka kauce. A kan ruwa kuwa, kwale-kwale ya ɓullo gabanka, ka saki wuta, ka murɗa kan, babur ya ƙi juyawa, ya tafi kai tsaye ya same shi. Abin da ake so shi ne ka karkata kan kana ba shi wuta, ko da kaɗan ce, don feshin ya samu ƙarfin juya ka. Zuciya ba ta son wannan. Mutum yana ganin haɗari a ce ya ƙara wuta? Shi ya sa ake koyonsa a fili, inda babu kowa, a hankali, har hannu ya karɓa.

Akwai wani tarkon kuma, ku matso ku ga wannan hannun na dama. Wannan ɗan ƙarfen da ake ja da yatsa, a moto birkin gaba ne. A nan shi ne wuta. Mai moto in ya firgita, yatsunsa da kansu suke damƙe shi, sai babur ya zabura maimakon ya tsaya. Tsofaffin samfura ba su da birki ko kaɗan, ruwa ne ke rage musu gudu, kuma daga cikakken gudu sai su ci kusan mita 100 kafin su tsaya. Sea-Doo ya fara sa birki a 2009, Yamaha ya kawo nasa tsarin a 2015, dukansu a hannun hagu, wurin da ka saba samun kuloci. Kuma birkin nan juya feshin yake yi gaba, ba ya kafe babur wuri ɗaya. Kafin ka bar gaɓa ka tambayi mai shi, "Malam, wannan yana da birki? Nuna mini." Babu kunya a ciki. Wanda ke gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, ba lokacin neman birki ba ne.

Sai wannan igiyar mai lanƙwasa. Bakinta ɗaya yana maƙale a babur, ɗayan a wuyan hannunka ko a jikin rigarka. In ka faɗi, igiyar ta fizge, inji ya mutu nan take. Wasu suna naɗe ta a kan babur saboda tana damunsu. Wanda ya yi haka ya faɗa ruwa, babur zai tafi ya bar shi, ko ya je ya sami wani.

Rigar ceto kuwa, jile ɗin nan, ba a tattaunawa a kanta. Mu faɗi gaskiya, yawancinmu a nan ba mu iya iyo ba. Wanda ya ce ya iya, galibi a tafkin damina ya koya, inda ƙafa ke taɓa ƙasa. Teku daban ne, ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ko gwanin iyo ma, in ya bugu da ruwa cikin gudu numfashinsa na iya ɗaukewa, wani har ya suma, rigar ce za ta riƙe shi a sama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021. Ka sa rigar, ka ɗaure maɗauranta duka, ka sa wani ya ja ta sama daga kafaɗa. In ta kai kunnuwanka ta yi maka yawa, a canza.

Akwai wata magana da kunya ke hana masu haya faɗa, amma kamfanonin da kansu sun rubuta ta a jikin babur. Wanda ya zame ta baya, musamman wanda aka goya, yana faɗawa daidai bakin feshin, kuma ruwan na iya shiga jikinsa ta ƙasa da ƙarfin da zai yaga hanji. Shi ya sa suke cewa a sa wando mai kauri na roba, irin na masu nutso. Gajeren wando na yadi ba ya tare komai. Babbar riga, rawani, gyale, doguwar igiyar wando, duk a bar su a gaɓa, domin ragar nan ta ƙasa tana zuƙe duk abin da ke lilo, har dogon gashi. Mai tuƙi kuma kada ya ba da wuta alhali akwai mutum a ruwa bayansa.

In ka faɗi, kada ka firgita. Ka iyo zuwa bayan babur, ta nan ake hawa, da gwiwa, ba ta gefe ba. In ya kife, duba gindinsa, akwai ɗan hoto mai kibiya da ke nuna ɓangaren da za a juya shi. In ka juya shi ta ɗaya ɓangaren, ruwan da ke cikin salansa zai gangara cikin inji.

Ruwan kuma ba naka kai kaɗai ba ne. Kafin ka juya, waiga, wani na iya biyo ka a guje. Ka nisanci masu wanka, ka rage gudu kusa da kwale-kwale don igiyar ruwanka kada ta kife shi. Babur ɗin ruwa ba shi da fitila, saboda haka da rana ta yi ja a fito. Wanda ya sha tiramol ko wani abin maye, wannan ma ba sai na faɗa ba. Yaro kuwa, in ƙafarsa ba ta kai matakin ba, ba a goya shi. Wanda ya kai nasa kogin Isa, ya tambayi masunta inda dorina take da inda suka shimfiɗa taru, su suka san ruwansu. Ni a ganina ƙananan ruwaye irin tafkin Gidimuni ba wurinsa ba ne ma. Masu su da masu lambu na cin abinci a wurin, dabbobi na sha, ga kachalla da taɓo, ga tsargiya da ake ɗauka a ruwan da ba ya gudu.

Mu koma wajen wanda ya sayi nasa.

Kafin a tayar da inji, a ɗaga kujera a bar wurin ya sha iska, ka sunkuya ka shinshina. Injin a rufe yake cikin kwarya, tururin man fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa ya taru. Ƙyastawa ɗaya daga wayar batir ta isa ta tarwatsa kujerar da wanda ke kanta. In ka ji warin mai, kada ka taɓa makunni sai an gano inda yake yoyo. Daga nan ka zagaya baya ka duba toshe biyun nan na zubar da ruwa, ka tabbata a ɗaure suke. Ƙananan abubuwa ne, amma mantawa da su na nutsar da babur tun bai yi nisa da gaɓa ba. Ka ja wuta ka saki ka ga tana komawa da kanta, ka duba baƙin mai. Man tanki kuma a raba shi uku: kashi ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya a ajiye.

Kada a tayar da shi a ruwa mara zurfi. Littattafan kamfanonin suna cewa santimita 60 zuwa 90, wato a tura shi har ruwa ya wuce gwiwa ya doshi ƙugu. In ba haka ba yashi da tsakuwa zai zuƙa, su cinye bakin farfela da zoben da take juyawa a ciki. Haka leda. Baƙar ledar nan da ta cika mana gari, a ruwa ma tana nan, ga kainuwa, ga guntun taru. Alamar ta toshe shi ita ce, ka ba da wuta, inji ya yi ta ihu, babur yana karkarwa amma ba ya tafiya. Kashe shi, cire igiyar daga makunni ka riƙe ta a hannunka, sannan a duba ragar. Ba a sa yatsa a wurin nan muddin inji na iya tashi.

Bayan an fito, musamman daga ruwan gishiri, sai wankin ciki. Akwai wurin da ake ɗaura tiyo a baya. Tsarin nan ku riƙe shi da kyau, domin a nan ake kashe injina da yawa. A fara tayar da inji, sannan a buɗe ruwa. In an gama, a fara rufe ruwa, sannan a kashe inji. Wanda ya buɗe ruwa inji na kashe, ruwan zai cika salansa ya koma cikin silinda. Kuma kada a bar inji yana aiki babu ruwa fiye da daƙiƙa 15, zai yi zafi. In har ruwa ya shiga inji, ko ta kifewa ko ta wanki, a daina gwada tayarwa. Ruwa ba ya matsuwa, fistin zai daki ruwa ya lanƙwasa sandarsa. A cire buji, a fitar da ruwan, a canza baƙin mai, kuma a ranar, don tsatsa ba ta jiran gobe.

Zancen mai, ga matatar SORAZ a kusa da mu tun 2011, a sha a gidan mai. Na kwalba da ake saye wajen ƴan ruwa-ruwa, ƙaramin moto na iya haƙuri da shi, amma injin da ke fesa mai da kwamfuta ba ya jure ƙura ko digon ruwa a ciki. Masu ƙarfin ma mai na musamman suke so, a duba littafinsu. Baƙin mai da matacinsa ana canza su aƙalla sau ɗaya a shekara, ko in awannin da kamfani ya ƙayyade suka cika, domin shi da awa ake lissafa aikinsa, ba da kilomita ba.

Ajiya a ƙasarmu ita ma aiki ce. Ranar bazara tana fasa kujera ta busar da roba, ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, ɓera na cin waya. A sa shi a inuwa a lulluɓe, a ɗan ɗaga kujerar don damshi ya fita, a cire batir a riƙa yi masa caji. Man da ya yi watanni a tanki yana lalacewa ya toshe hanyoyinsa.

Wanda kuma zai sayo na hannu daga Kwatano, kada ƙyallin fenti ya ɗauke masa hankali. Yawancinsu a ruwan gishiri suka yi aiki. Ya ɗaga kujera ya nemi farin gari a jikin inji da kore-kore a bakin wayoyi, aikin gishiri ke nan. Ya zaro sandar gwajin baƙin mai, in ya ga man ya koma fari-fari mai kumfa, ruwa ya taɓa shiga. Ya duba awannin da allon ya nuna, ya haska tocila ta bututun baya ya ga bakin farfela ko ya gigguce. Ya kuma tambayi kansa inda zai samu kayan gyara da bakanike, domin mai gyaran moto na unguwa ba shi da kwamfutar da ake karanta irin wannan injin da ita. Dillali zai tayar maka da shi a kan tirela, ya yi ƙara mai daɗi, ya ce, "Alhaji, ka ji lafiyarsa." A tudu babu nauyi a kan farfela, ko inji mai ciwo zai yi wannan ƙarar. Ka ce a kai shi ruwa, a hau, a ba shi wuta har ya yi zafi, a dawo a ɗaga kujera a ga ko ruwa ya taru a ciki, sannan a yi maganar kuɗi.