Dattawan Kurasawo a Rotadam da Tsufan da Ke Jiranmu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Mai girma shugaban ƙungiya, malamanmu, iyayenmu maza da mata, barkanmu da wannan taro, da fatan kowa ya baro iyali lafiya.

Maganata a yau a kan wasu maƙwabtanmu ne da muke haɗuwa da su a kasuwar Afrikaanderplein ta nan Rotadam, wato dattawan da suka fito daga tsibiran Kurasawo, Aruba da Bonaire, da ke yankin Karebiyan a ƙarƙashin masarautar Holan. Da yawansu sun zo Holan ne bayan 1985, shekarar da kamfanin Shell ya bar matatar mai ta Kurasawo, aka kuma rufe matatar Lago ta Aruba, aiki ya yi ƙaranci. Da fasfo ɗin Holan suka baro gida, ba su sha wahalar takardu irin tamu ba, amma duk da haka tsufa ya riske su suna jin baƙunta a jikinsu.

A aikina na kula da tsofaffi, akwai wata baiwar Allah da ta haura shekara 80, wadda mantuwa ta fara kamawa, Holancin da ta daɗe tana yi yana ta kuɓuce mata, ba abin da ya zauna a bakinta sai Papiamentu, harshen da ta sha a nono. Abinci ma tsakura kawai take yi. Ranar da 'yarta ta kawo mata funchi da yambo, wato tuwon masara da miyar kuɓewa, a gabana ta gyara zama ta cinye tas, sannan ta kama ba ni labarin unguwarsu a Willemstad, babban birnin Kurasawo. Na tambaye ta ko tana son komawa. Ta ce hankalinta yana can, amma jikokinta da likitanta da cocinta duk suna nan, kuma zuwanta na ƙarshe ta tarar sa'o'inta sun kwanta dama, ba mai gane ta a layinsu.

Abin da na lura shi ne, waɗanda suka fi walwala a cikin dattawan nan su ne masu wurin zuwa, inda ake buga domino, ana hira da harshen gida, in mutum bai leƙo ba a tambaya ko lafiya. Ga kuma batun aljihu: fanshon AOW, wato fanshon tsufa na gwamnatin Holan, yana taruwa ne kashi 2 cikin 100 a kowace shekara ta zama a Holan, cikin shekara 50, kuma shekarun da suka yi a Kurasawo ba sa shiga lissafi. Duk wanda ya zo ƙasar nan da girmansa a cikinmu, wannan giɓin yana jiransa.

Iyayena, kowannenmu cewa yake yi zai koma Kano ko Damagaram. Su ma haka suka ce. Don haka nake roƙon shugabanni su nemi ɗaki a cibiyar unguwa, ko da rana ɗaya ce a mako, ya zama zauren dattawanmu, a dafa tuwo, a yi sallah tare, a kuma samu matasa biyu da za su riƙa duba musu takardun fansho. Ni na ɗauki nauyin girkin makon farko. Na gode, wassalamu alaikum.