Asibiti na kusa, amma ana makara

Jama'a masu sauraro, sharhinmu na yau ya shafi matan da ke rasuwa a shekarunsu na haihuwa a biranen arewacin Kamaru, wato Garwa da Marwa da Ngaundere, inda asibiti bai yi wa kowa nisa ba, amma har yanzu ake zaman makokin macen da ta cika a kan gwiwa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna mata 406 ke mutuwa a kowace haihuwa 100,000, a maƙwabciyarmu Cadi kuwa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya haura 1,000.

Zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka da cutar ƙanjamau da sankarar bakin mahaifa duk suna cin rayukan mata, sai dai abin da ya fi gaggawar kisa shi ne zubar jini bayan haihuwa, wanda kan iya ɗauke mace cikin awa biyu, musamman wadda ta shiga naƙuda da ƙarancin jini. Sai jijjiga, wadda hawan jini ke haifarwa. Mai ciki za ta yi kukan ciwon kai, fuska da hannuwa su kumbura har zobe ya ƙi fita, idanu su riƙa yi mata dishi-dishi, amma a ce laulayi ne, alhali awon jini na minti biyu ya isa ya tona asirin ciwon.

A ganinmu, jinkiri ne ke ƙarasa yawancin waɗannan mata. Mabiya ta ƙi faɗowa, zani na uku ya jiƙe sharkaf, ungozoma ta yi iya ƙoƙarinta, amma ana jiran maigida ya dawo daga kasuwa ya ba da izini, sannan a shiga neman kuɗi da mai babur cikin dare. In an isa asibiti kuma a ce a kawo wanda zai ba da jini, nan dangi kan fara kallon juna.

Tun 2015 akwai shirin cakin lafiya a yankunan waɗannan birane uku, wanda da sefa 6,000 mai ciki ke samun awo da haihuwa, har da tiyata in ta kama, da kulawa zuwa kwana 42 bayan sauka. Muna kira ga magidanta su saya tun cikin yana ƙarami, su ba da izinin tafiya asibiti tun kafin naƙuda, su kuma tanadi mutum biyu cikin dangi da aka gwada jininsu ya dace da na matar.