Amsoshin Tambayoyinku: Dajin Malam Buɗe Littafi

Jama'a masu saurare, lokaci ya ja, mu koma kan takardunku.

Wata baiwar Allah daga unguwar Birni tana tambaya ko malam buɗe littafi yana cizo. Hajiya, ko haƙori ba shi da shi, tsotsa kawai yake yi, yawanci ruwan fure. Ki bar yara su yi wasansu.

To ga wadda ta fi yawa, daga Zango, daga Miriya, har Matamaye an aiko ta: wai da gaske akwai ƙasar da ta keɓe daji sukutum domin malam buɗe littafi? Wani ma ya rubuta cewa raina hankali ne. Haba ɗan'uwa, a tambaya mana kafin a ƙaryata! Malam baƙonmu, kai ne ma'aikacin gandun daji, bismilla.

"Akwai shi, a Meziko, kan duwatsun jihar Michoacán, kuma UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 2008. Daga Kanada da Amurka waɗannan malam buɗe littafin suke tasowa gudun sanyi, tafiyar kusan kilomita 4,000, su sauka a Nuwamba, su tashi a Maris. Da sassafe za ka tarar da su cunkushe a jikin itatuwa har rassa na lanƙwasawa, ba mai motsi sai rana ta ɗumama su. Mutanen ƙauyukan wurin ne ke raka baƙi, wasu bisa dawakai, suna hana hayaniya da saran itace. Tsuntsaye iri biyu da wani ɓeran daji sun iya cin su, sauran ba sa kusanta saboda dafi. Ai mu ma nan muna da danginsa, mai ruwan goro ɗin nan. A tumfafiya yake ƙwai, tsutsarsa ta ci ganyen, dafin ya zauna mata a jiki har ta yi fiffike. Tumfafiyar nan da ake rainawa, ni tun ina ƙaramin ma'aikaci a Tanut..."

Malam, a bar mana Tanut sai wani satin! Bari in maimaita: dajin yana nan, a Meziko. Kilomita 4,000, wato Damagaram zuwa Yamai fiye da sau huɗu. Ni dai a ganina, ƙwaron da ya yi wannan tafiya ya ci a bar masa itacen kwana.

Wani ɗalibi daga Sabon Gari yana son sanin tsawon ran malam buɗe littafi. Yawanci ƴan makonni ne, amma masu hijirar nan suna kai wata 8.

Mai lambun da tsutsa ta cinye wa kabeji, yi haƙuri, takardarka ce farko ranar Asabar.