Ɗan Kunkurun Ruwa a Gida: Ranar Bakin Taga Ba Ta Isar Masa

[Hoto: gajerun bidiyo na waya, 'yan kunkuru cikin kwanon roba]

Assalamu alaikum jama'a. Kwanan nan duk inda ka leƙa a waya sai ka ci karo da bidiyon 'yan kunkurun nan na ruwa, ƙanana kore shar, an saka su cikin ɗan kwanon roba da 'yar bishiyar roba a tsakiya suna ta wutsil-wutsil da ƙafa, kuma maganar gaskiya suna da shiga rai. Tambayoyi sun yi ta shigo mana, wasu na cewa za su saya wa yara, ya muka gani, wasu kuma sun riga sun saya amma ga shi bayansa ya fara laushi, ya daina cin abinci, alhali kullum suna ajiye shi bakin taga yana shan rana. To wannan magana ta bakin taga ita za mu zauna a kanta yau, don a nan ne mutane da yawa ke rasa kunkurunsu ba su san dalili ba.

[Hoto: kan kunkuru kusa-kusa, jan layi a bayan ido]

Da sauri dai mu san da wa muke magana. Kun ga jan layin nan a gefen kansa? Wannan shi ne irin da aka fi sayarwa a duniya, asalinsa daga kudancin ƙasar Amurka ne, yankin kogin Misisifi. Ranar da ya fito daga ƙwai tsawonsa wajen santimita 3 ne.

[Hoto: jariri a tafin hannu, sai babbar mace a hannu biyu]

Ga shi kuma bayan wasu shekaru. Eh, iri ɗaya ne, ba wani daban ba. Macen tana kaiwa santimita 25 zuwa 30, namijin bai kai ta ba. Suna yin shekara 20 zuwa 30, wasu har su wuce. Yaron da aka saya wa yana firamare zai iya yin aure kunkurun na nan da ransa yana jiran abinci. Sannan maganar da masu sayarwa ke yi wai ba ya girma ya wuce kwanon da aka sa shi, ba gaskiya ba ce. In ka ga ya ƙi girma to ba lafiya gare shi ba.

[Hoto: zanen ƙasusuwan kunkuru, a tsaya a kansa]

Yauwa, yanzu ku nutsu. Ƙoƙon da ke bayan kunkuru ba wani abu ba ne da ya shiga ciki ya fake, ƙashinsa ne. Haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa su ne suka baje suka haɗe suka zama wannan ƙoƙon, akwai jini a ciki, yana jin in an taɓa shi. Don haka duk abin da ƙashi yake buƙata ƙoƙon ma yana buƙata, kuma babba a ciki shi ne sinadarin kalsiyam.

Sai ka ji mutum ya ce ai ina ba shi abinci mai kalsiyam. Madalla. Amma kalsiyam ɗin ba ya wucewa daga hanji zuwa jini yadda ya kamata sai da bitamin D3, shi kuma D3 ɗin jikin kunkuru ne yake haɗa shi a fatarsa idan wani ɓangare na hasken rana da ake kira UVB ya sauka a kanta, daga nan hanta da ƙoda su ƙarasa aikin. Kamar ka tara bulo ne a fili babu magini, bulon na nan amma gini ba zai tashi ba. Idan jini ya rasa kalsiyam, jiki ba ya tsayawa jira, sai ya koma yana ɗiba daga ƙashi, wato daga ƙoƙon kansa, shi ya sa za ka ga bayan yana lotsawa in ka danna, gefensa yana lanƙwashewa sama, muƙamuƙi ya yi laushi har cizon abinci ya gagare shi, ƙafafun baya su mutu. Kuma abin ba rana ɗaya yake zuwa ba, a hankali yake ci, wata da watanni, kafin ka lura ya riga ya yi nisa.

[Hoto: ma'aunin UVB a waje cikin rana, lamba ta hau. A mayar da shi bayan gilashin taga, lamba ta faɗi]

Ku kalli nan da kyau, rana ɗaya ce, lokaci ɗaya. A waje lambar ta hau. Bayan gilashi ta dawo kusan sifili.

[A bar hoton ya ɗan yi shiru]

Gilashin taga yana barin haske ya wuce, yana barin zafi ya wuce, amma UVB kusan duk yana tare shi. Kai da idonka za ka ga rana tar a kan kunkurun, ka sa hannu ka ji ɗumi, ranka ya kwanta cewa ka yi masa abin da ya dace, shi kuma abin da yake nema bai iso shi ba sam. Gilashin tankin ma haka, murfin roba ma haka, ruwan kansa yana rage shi. Kuma ga wata matsalar a kai: ƙaramin kwano ko tankin gilashi in rana ta buge shi kai tsaye ruwan ciki yana zafi cikin ɗan lokaci, kunkuru kuma ba shi da hanyar sanyaya jikinsa sai dai ya matsa inuwa ko ruwa mai sanyi, a cikin kwano ina inuwar take? An sha rasa su ta wannan hanyar, mai shi kuma da kyakkyawar niyya ya ajiye shi a wurin.

[Hoto: kunkuru a tafki sun jeru kan icce, sun miƙe ƙafafu]

Ga yadda suke yi a inda Allah ya halicce su. Su fito daga ruwa gaba ɗaya, su hau icce ko dutse, su miƙe wuya su baje ƙafafun baya, wani ma ya hau kan ɗan uwansa don kar a riga shi rana, na ƙasan kuma ko a jikinsa. Abu uku suke samu a lokaci guda: UVB, ɗumin da ke sa abinci ya narke tunda jikinsu ba ya samar da zafin kansa, da bushewar ƙoƙo. Bushewar nan ma ba ƙaramin abu ba ce, kunkurun da kullum yake jiƙe ƙoƙonsa yana ruɓewa, ka ga fararen tabo masu laushi har da wari.

[Hoto: tanki da aka shirya, kyamara na bin kowane ɓangare]

To a gida ya za a yi? Dole a samar masa tudu busasshe a cikin tankin, mai gangare da zai iya hawa da kansa, wanda duk jikinsa zai fita daga ruwa. A saman tudun fitila biyu, kuma aikinsu daban. Ɗaya ta zafi, wadda za ta kai wurin digiri 30 zuwa 35 a ma'aunin Celsius. Ɗayar ta UVB, wadda aka yi musamman don dabbobi irinsu, ku duba jikin kwalin dole a ga an rubuta UVB, in UVA kawai aka rubuta ba ita ba ce. Ƙwan fitilar ɗaki komai haskensa ba ya wannan aikin. Kar gilashi ko roba ta shiga tsakanin fitilar da kunkuru, in ba haka ba an koma gidan jiya. Nisan da za a rataye ta kuma yana rubuce a kwalin, a bi shi, don in ta yi nisa ba ta amfani, in ta yi kusa tana cutar da ido. A kunna awa 10 zuwa 12 da rana, da dare a kashe ya samu duhu ya yi barci.

Sai abin da mutane ba sa yarda da shi in an faɗa musu. Fitilar UVB tana mutuwa tana kunne. Hasken da kake gani zai ci gaba, amma UVB ɗin yana raguwa har ya ƙare, don haka ana canza ta duk wata 6 zuwa 12 gwargwadon irinta ko da tana ci lafiya lau. Ranar da ka ɗaura ta ka ɗauki biro ka rubuta kwanan wata a jikinta, don wallahi za ka manta.

Wani zai ce to ni da rana ke dukan tsakar gidana, sai na sayi fitila? Rana ta gaske, wadda babu gilashi tsakani, ta fi kowace fitila, wannan ba gardama. Amma a babban baho, da ruwa mai yawa, rabi rana rabi inuwa, da tudun hawa, kuma kana kusa kana gani, saboda kyanwa da manyan tsuntsaye, kuma kar ku raina su wajen hawa, kunkurun da kake ganin ba ya sauri in ka juya baya sai ka neme shi ka rasa.

[Hoto: ana zuba ruwa a tanki, filta, wato na'urar tace ruwa, na aiki]

Sauran da gudu. Ruwa: ƙa'idar da masu kiwonsu ke bi ita ce kusan lita 40 ga kowane santimita 2 da rabi na tsawon ƙoƙo, ku lissafa, babbar mace tana neman lita 400 ko fiye. Suna ci a ruwa don ba sa iya haɗiya sai da shi, kuma a nan suke kashi, don haka filta mai ƙarfi fiye da ta kifi, da canza wani ɓangare na ruwan duk mako. Zafin ruwa digiri 24 zuwa 28. Abinci: ƙananan sun fi son nama, manya sun fi karkata ga ganye, a haɗa musu da abincinsu na gwangwani. Busassun jatan landen nan da ake haɗowa da kwanon ba abinci ba ne su kaɗai. Kuma zai riƙa binka da ido yana roƙo kamar bai taɓa ci ba, kar ka biye masa, ƙiba tana kama su. Mace tana yin ƙwai ko babu namiji, in ba ta samu ƙasar tonawa ba ƙwan na iya maƙale mata.

[Hoto: wanke hannu da sabulu]

Wannan kuma iyaye ku saurara. Kunkuru yana ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a jikinsa da ruwansa ko da shi lafiyarsa ƙalau, tana sa gudawa da zazzaɓi, a kan ƙananan yara tana iya yin tsanani. Saboda ita ne tun 1975 Amurka ta hana sayar da kunkurun da ƙoƙonsa bai kai inci 4 ba, wato wajen santimita 10, don ƙananan ne yara ke ɗauka su kai baki. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar tana ba da shawarar kar a ajiye su a gidan da ke da yaro ɗan ƙasa da shekara 5, ko tsoho daga 65, ko mai raunin garkuwar jiki. A wanke hannu duk lokacin da aka taɓa shi, kuma kar a wanke kayansa inda ake wanke kwanukan abinci.

[Hoto: taswira, sai tafkin wani lambun birni cike da kunkuru]

In an gaji da shi kuma ba a kai shi kogi a sake. Mutane sun yi haka a ƙasashe da dama, ya bazu yana ƙwace wa na asalin wurin abinci da wurin shan rana, har ya shiga jerin halittu 100 mafi ɓarna a inda ba mazauninsu ba. Tarayyar Turai ta hana shigo da shi a 1997, Japan kuma daga Yunin 2023 ta hana sayar da shi da sakinsa. Kafin ka saya ka duba dokar inda kake.

[Komawa kan tankin da aka shirya]

Ra'ayina? A matsayin kyautar yaro, a'a, ban goyi baya ba. Ba ya son a riƙa ɗaukarsa, yana cizo in an takura masa, kuma aikin duk kan babba zai dawo. Amma babban mutum mai wuri, mai halin sayen fitila yana canzawa, wanda kallon dabba kawai ya ishe shi jin daɗi, zai more shi ƙwarai, don yakan saba da mai ba shi abinci, da ya hango ka sai ya taho bakin gilashi yana kaɗa ruwa. Kuma in za ka yi, ka fara tambaya ko akwai wanda ya gaji da nasa, ka karɓi babba, ka ga girman da za ka zauna da shi tun daga ranar farko.

[Hoto: yatsa na danna ƙoƙo a hankali]

Ku da kuka riga kuka saya, yau ɗin nan ku cire shi daga bakin taga. Ku danna bayansa a hankali. Jariri sabon ƙyanƙyasa dama yana da ɗan laushi, amma wanda ya yi watanni ya kamata ya yi tauri. In yana lotsawa, ko yana iyo a karkace, ko yana buɗe baki wajen numfashi, ko idanu sun kumbura sun rufe, fitila kaɗai ba za ta gyara ba, sai likitan dabbobi, kuma ku tambaya tun kafin ku je ko yana duba irin su kunkuru, don ba kowanne ke yi ba. Ku ɗauki hoton wurin da yake zaune da kwalin abincinsa ku tafi da su, likitan zai tambaya.